Daddawar Inna a Kujerar Gaba

Laraba da dare, Kaladan

Yaya Sani ya nace sai mu huɗu duka, ni da shi da matarsa da Inna, mun shiga bizines kilas, wato kujerun gaban jirgi masu tsada, zuwa Landan, a wannan shekarar da ake bin layin sabulu. Wai kada surukan ƙanwarmu Rabi su raina mu. Na ce, "Yaya, a cikin jirgin za su tarye mu?"

Inna ba ruwanta da faɗin kujera. Wankan jegon Rabi za ta je, kuma daddawa da man kaɗe sun wuce nauyin da aka yarda. Da ta ji tikitin gaba yana ƙara kilo, ta ce, "To, ni kaɗai a sa ni can."

Haka aka tsayar. Mu uku za mu takure a baya. Yaya bai kula ni ba tun la'asar, amma da hannunsa ya ɗaure buhun daddawar.