Yatsan Baba Kefas

Zuru, 12 ga Janairu

Zuwa ga maigidana, Baban Joyce,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na filin daga. Yaya ƙafar nan da ka ce tana damunka in ka daɗe cikin takalmin soja? Mu nan lafiya lau. Joyce ta fara famfara, ta daina dariya a gaban mutane. Tun da babu sabis a inda kuke, zan ba Kofur Prosper takardar in zai koma daga hutu.

Labarin gida kuwa, zaɓen shugaban ƙasa ya shigo mana har cikin tukunya. Ka san halin mahaifinka, Baba Kefas. Tun zaɓen saba'in da tara bai taɓa fashin ƙuri'a ba, kuma ya ce bana ma ba zai fasa ba, ko da yake idanun sun rufe gaba ɗaya bayan tafiyarka. Malaman zaɓe sun ce wanda ba ya gani yana da damar zuwa da mutum ɗaya da ya amince da shi, ya kama masa yatsa ya dangwala. Rigimar ke nan: wa zai kama yatsan?

Yaya Ebenezer yana ganin babu ma abin tambaya, tun da shi ne ɗan fari. Yana yi wa jam'iyyarsa kamfe a unguwa, kuma ya riga ya yi wa manyansa alkawarin ƙuri'un gidanmu goma sha ɗaya, har da ta Baba. Ko tambayar tsohon bai yi ba.

Baba da muryoyinsu yake gane 'yan takarar a rediyo, har ya raɗa musu sunaye. Na Yaya Ebenezer shi ne Mai Gyaran Murya, don ba ya fara magana sai ya gyara maƙogwaro sau biyu. Ɗayan kuma Mai Saurin Baki. Ba zan ɓoye maka ba, ni Mai Saurin Baki zan zaɓa. Ya ce cikin shekara guda zai kawo ƙarshen yaƙin nan, kuma duk sojan da ya haura shekara biyu a daji zai koma gida. Wata ashirin da shida ke nan rabona da kai. Ni ban ji sauran alkawuran ba ma, wannan ɗin ya ishe ni.

Ranar Lahadi bayan sujada Baba ya tara mu a gindin mangwaro, ya ce shi ba ya ba da ƙuri'a sai an yi masa golmo, wato noman da saurayi ke yi wa suruki kafin a ba shi mata. Muka yi dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Ya sake ba mu labarin nan da ka ji sau ɗari, na shekara bakwai da ya yi yana noma gonar surukinsa a Danko kafin a ba shi Mama. Amma ya ƙara wani abu da ban taɓa ji ba. Wai surukin ba ya ko kallon huɗar bakin hanya. Sai an tashi aiki ya ɗauki sandarsa ya zagaya can ƙarshen gona, bayan dutse, inda saurayi yake ganin ba mai zuwa, ya duba ko huɗar can ta kai ta gaba zurfi. Baba ya ce 'yan takarar nan biyu duk sun taɓa riƙe jihohi, don haka kowanne yana da ƙarshen gona. Ni da nake malamar makaranta ya ɗora wa aikin zuwa in dubo masa.

Na ji daɗi ƙwarai, Baban Joyce. Surukai uku ne a gidan nan, ni ce ƙarama.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci. Baba yana sa maka albarka.

Matarka,
Dinah

Zuru, 9 ga Fabrairu

Maigidana abin alfaharina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya aiki? Na sami saƙonka na baki ta hannun Kofur Prosper. Ya ce ka yi dariya har da riƙe ciki da ka ji batun golmo, kuma ka ce in bar ka da siyasa tun da ku ba ku da rumfar zaɓe a daji. To, ba zan bar ka ba, don ba ni da wanda zan yi wa ƙorafi sai kai.

Mako huɗu na yi ina dubawa. Na karanta jaridu a waya har idona ya yi ja. Na tambayi malamai biyu da suka yi bautar ƙasa a jihohin nan, da direbobin manyan motoci da ke lodin dawa a kasuwa. Kullum in na taso makaranta sai in zauna kusa da Baba in karanta masa abin da na samo, shi da amininsa Malam Maharazu, wanda suka yi soja tare. Malam yana gyangyaɗi, Baba ba ya barin ko kalma ta wuce shi.

Nawa ɗan takarar ya gina makarantu masu kyau da babbar gada, amma yawanci a cikin birni suke. Na Yaya Ebenezer kuwa ya taɓa barin malamai wata biyar babu albashi, wannan kam na karanta shi da ƙarfi har sau biyu. Sai dai ranar Laraba wata malama ta ba ni labarin ƙauyen da ta zauna, inda mota ba ta shiga da damina. Ta ce Mai Gyaran Murya ya gina musu ɗakin haihuwa a shekararsa ta ƙarshe, lokacin da ba ya neman ƙuri'ar kowa, kuma har yau akwai ungozoma a ciki.

Kwana biyu na riƙe wannan labari a cikina. Baba ba ya gani, Malam yana barci, wa zai san na tsallake? Na ɗora tuwo ina juyawa ina faɗa da kaina. Ranar Juma'a dai na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Sai ya tambaye ni wa nake so. Na faɗa, na faɗi dalili. Ya ce shi ya yi yaƙi, kuma bai taɓa ganin wanda ya yanka wa yaƙi ranar ƙarewa ya cika ba. Haushi ya hana ni cin tuwon ranar.

Washegari ya sanar wa gida cewa ni zan kama masa yatsa, kuma ba zai faɗi zaɓinsa ba sai a cikin rumfa. Yaya Ebenezer ya tashi ya bar wurin. Yanzu in na gaishe shi da ka yake amsawa. Yana faɗa a unguwa wai an ba 'yar adawa ƙuri'ar ubansa ta sace. Wannan kalma ta sata ta tsaya mini a rai. Shekara tara ina gidan nan, ko cokali ban taɓa ɗauka ba.

Ka sa ni a addu'a, ni ma ina sa ka.

Taka,
Dinah

Zuru, 27 ga Fabrairu

Baban Joyce,

Ina gaishe ka da kewa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kuma ranar zaɓe ta wuce muku ba tare da tashin hankali ba. Mu nan an yi lafiya an gama lafiya. Har yanzu ba a faɗi wanda ya ci ba, amma ba shi ne labarina ba.

Da ka ga mahaifinka ranar Asabar. Ya sa na goge masa farar rigarsa da dutsen guga na gawayi, ya maƙala lambobinsa uku a ƙirji, ya ƙi hawa babur. Da ƙafa muka je makarantar firamare, hannunsa a kafaɗata, yana taku kamar ana fareti. Da muka isa, mutanen da ke kan layi suka dare suka ba shi hanya, tsofaffin sojoji suna sara masa. Na'ura ta ƙi karɓar yatsansa, garma da bindiga sun cinye zanen, sai da fuska aka tantance shi.

A cikin rumfa daga ni sai shi. Ya sunkuyo ya raɗa mini a kunne cewa Mai Gyaran Murya.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Alamar jam'iyyar nawa tana sama, ta wancan tana can ƙasa. Na shafa masa tawada, na riƙe yatsan, kuma ya sake mini hannun gaba ɗaya kamar na jariri. Ba mai ganina. A raina kai nake gani kana saukowa daga mota da jakarka. Sai da yatsan ya wuce ta kan alamar nawa kafin ya kai ta nasa, kuma wannan 'yar tafiya ta fi mini zuwa garinmu Mahuta da ƙafa nisa. Na dangwala masa inda ya ce. Na naɗe takardar, shi ya jefa a akwati da hannunsa. Daga nan na koma layi na jefa tawa ga Mai Saurin Baki, ban canza ba.

Da yamma Yaya Ebenezer ya shigo ana cin abinci, ya ce a gaban kowa wai ni ƙuri'a biyu na jefa wa nawa yau. Ni kuwa ba ni da shaida. Sai Baba ya ajiye loma. Ya ce ɗan takararsu ɗaya da Yaya, can kuma yatsansa ya sauka. Yaya ya ce to me ya sa bai tafi da shi ba? Baba ya ce don da ya tafi da shi, can ɗin zai kai yatsan ko an ce masa ko ba a ce ba, ka ga ƙuri'ar ta zama ta Ebenezer ke nan, ba ta Kefas ba.

Yaya bai haƙura ba, ya tambaya ta yaya wanda ba ya gani zai san inda aka dangwala masa. Ni ma na kasa kunne, don tambayar tana raina. Ashe tun makon jiya Baba ya sa Malam Maharazu ya kai shi wurin takardar gwaji da aka manna a bangon makaranta, suka auna tare: taƙi ɗaya da yatsa biyu daga sama. Ya yi niyyar aunawa a rumfa, ko ni ban sani ba. Amma ya ce bai auna ba. Wai da ya ji yadda hannuna ya yi nauyi, ya san ba wurin da nake so nake kai shi ba.

Yaya Ebenezer ya daɗe yana kallon ƙwaryar gabansa. Jiya da safe shi ya riga ni gaisuwa, ya kira ni Maman Joyce, har ya tambayi lafiyarka.

Ina alfahari, Baban Joyce, kuma ba zan yi kawaici ba. Ina alfahari da tsohon nan, ina alfahari da kaina. Har yanzu ina ganin nawa ya fi nasa, na kuma faɗa masa, ya ce mu jira damina huɗu mu gani.

Saura saƙonsa gare ka, ya ce in rubuta shi yadda ya faɗa. Wai shi shekara bakwai ya yi noma kafin ya sami mace, kai kuwa ka zo da kaki da takardar coci an ba ka ni, ko huɗa ɗaya ba ka yi wa babana ba. Ya ce yanzu da ya duba ƙarshen gonar, ya ga an cuci mutanen Mahuta. Don haka golmo yana jiranka, shekara bakwai cif, kuma shi da kansa zai zagaya bayan dutse da sandarsa.

Na riga na kai garmarka maƙera an gyara bakinta. Ko wa ya ci zaɓen nan, kai dai ka dawo.

Ni ce matarka mai jiranka,
Dinah