Kemistirin Ɗan Yaya

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiya.

Maganar da ke raina ba ta waya ba ce, shi ya sa na ɗauki biro. Sakamakon yaron nan ya fito. Ka san tun yaye Yaya Rukayya ta ɗauke shi zuwa Tarauni, ni kuwa ɗan farina ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Bara da ya faɗi Kemistiri aka ce ba a shiga karatun injiniya sai da kiredit biyar, kuma dole a ciki akwai Lissafi, Turanci, Fiziks da shi Kemistirin. Ni ina na san su? Khadija mai karatun nas da ke haya a gidanmu na roƙa ta yi ta maimaita min, har na haddace su kamar gajeriyar sura, don in riƙa ambatonsu ɗaya bayan ɗaya a sujada. Allah Ya sa faɗar nan ba riya ba ce.

To, ya ci duka. Amma a bakin Khadija na ji. Adaidaitar da ya hau ta bakin layinmu ta bi, bai sauka ba.

Da na je barka na tarar falo cike da mata, kowacce "uwar injiniya" take ce wa Yaya, ita kuma tana ta yi musu bayanin maki. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce madalla, na kau da kai yadda Inna ta koya mana. Ya tashi ya koma gefen Yaya. Malam, shinkafar gidan ko ɗanɗanonta ban ji ba.

Na sani ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta nemo masa malami. Ina ta istigfari, abin ya ƙi sauka. Tsorona kada ya tafi jami'a yana zaton ban ma san abin da yake karantawa ba.

Ka sa ni a addu'a. Wassalam.

Husaina.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Da fatan ciwon bayan ya yi sauƙi.

Jiya yaron ya zo sallama, gurbin jami'a ya fito. A tsaye yake, yana cewa Yaya na jiransa, ta yi masa girki. Ni kuma ina tuƙa tuwo, na ba shi baya. Har ya kai zaure. Ban san lokacin da na ce wa tukunya ba: "Shi Kemistirin dai a can ma yana nan, ko an rabu da shi?"

Ya tsaya a zauren. Sai na ji takunsa ya dawo. Ya ce, "Umma, a ina kika san Kemistiri?" Na ce wa tukunyar har Fiziks na sani, da sauran biyun, na jero su. Dariya ya yi, ya jawo tabarma ya zauna.

Malmala biyu ya ci da miyar kuka. Yaya ta kira shi sau uku, ina jin wayar tana kuka a aljihunsa. Ya kamata in ce ya ɗauka. Ban ce ba, Allah Ya yafe min.

Sunan dai har yanzu hannuna ya ƙi rubutawa. Ka san shi, ai kai ka yi masa huɗuba.

Wassalam. Taka,

Husaina.