Takardar da Ban Kai wa Hajja Ba

Zuwa ga Kakana,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ko da kana raye ma ni ce zan karanta maka, tunda yanar ido ta rufe maka gani, kai kuma ka naɗa ni magatakardarka.

Kaka, ban kai takardar ba.

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama. Takarda ta biyu nake nufi, wadda ka mayar da matarka Hajja da ita. Tana nan a ninke cikin wani littafin soyayya a ƙasan akwatina. Na ce maka na kai. Ƙarya na yi maka.

Ka tuna yadda abin ya fara? A kan takalmi. Tun da Keke Napep ya kusa kaɗe ka a bakin titi, Hajja ta fara ɓoye maka takalma don kada ka tsallaka zuwa majalisa kai kaɗai. Ranar da abokanka suka biyo ka gida, ta faɗa a gabansu cewa ba ka gani, su daina jan ka waje. Ka jira suka tafi. Sannan ka kira ni, ka ce in ɗauko biro. Da Hausa ka faɗa, don ka san ban iya rubuta Kanuri ba. Saki ɗaya. Shekara arba'in da huɗu na aure, ni kuma na gama da su a layi biyu. Me ya sa ban ce biron ya ƙi rubutu ba? Me ya sa ban ruga na kira Baba ba? Kunyarka nake ji, Kaka. Ban taɓa iya ce maka a'a ba.

An ce ta zauna ta yi iddarta a ɗakinta, ta ƙi. Amma ina tsohuwa take zuwa idan an sake ta? Ba uwa, ba uba, gidan da aka haife ta a Yerwa ya daɗe a hannun wasu. Sai ɗan ƙanenta ya ɗauke ta zuwa unguwar Bulabulin, aka ba ta gefen ɗakin yara. Baba ya yi ta roƙonka, dattawan unguwa suka zo har sau biyu, kai kuma sai ka ƙara wa rediyo murya. Amma ni da nake kawo maka shayi na ga yadda kake juya fuska wajen ɗakinta duk sanda wata maƙwabciya ta kunna turaren wuta.

Saboda shekarunta, iddarta wata uku ce. Saura kwana tara ta cika ka kira ni da hantsi, gidan ba kowa. Ka ce in rubuta:

"Falmata, na mayar da ke. Ki dawo ɗakinki. Takalman ma ki ɓoye."

Ka laluba ka sa hannu da Larabci, a karkace. Ka ce in kai da kaina idan an tashe mu daga makarantar yamma, kada wani ya ji sai ta shigo.

Kaka, wallahi murna na yi. Amma da na sake karantawa sai na ga ta bushe da yawa. A littattafan da nake karantawa, idan miji zai dawo da matarsa shafi uku yake yi. Yana cewa abinci ya daina shiga, yana cewa ita ce hasken idonsa. Kuma Hajja ba ta karatun boko, dole wani ya karanta mata a gaban mutane. Na ce yaya za a yi matar da ta yi wata uku tana kuka a karanta mata zancen takalmi? Sai na ce bari in gyara maka kaɗan, kwana ɗaya kawai. Na cika rabin littafin lissafina da kalamai. Duk wanda na rubuta, idan na karanta shi da muryarka sai ya ba ni kunya.

Washegari ka tambaye ni ko na kai. Na ce e. Ka ce me ta ce. Na ce ba ta ce komai ba. Ka gyaɗa kai, ka ce haka take.

Daga nan na rasa mafita. Idan na kai, za ta ce yaushe aka rubuta. Idan na gaya maka, da wane ido zan dube ka? Kullum in ce gobe. Kai kuma ka sa aka mayar da tabarmarka saitin ƙofa, ka sa na share ɗakinta. Duk sallamar mace sai ka ɗago kai. Ranar da iddar ta cika ka ce a rufe ɗakin, ba ka ƙara tambaya ba. Bayan sati biyar zazzaɓi ya kwantar da kai, kwana uku, shi ke nan.

Ka tafi kana zaton ta ƙi ka. Ita kuma tana can tana zaton ba ka taɓa nemanta ba.

Bari in ba ka labarin gida. Ranar jana'iza Hajja ta zo, ta zauna a bakin tabarma cikin baƙi. Aka ce ta shiga ta yi maka addu'a kafin a ɗauke ka, ta ce ita yanzu ba muharramarka ba ce. Mata suna shigowa suna rasa yadda za su yi, su yi mata gaisuwar miji ko su wuce ta. Da la'asar ta nemi Keke ta koma. Ba ta shiga takaba ba, an ce babu a kanta. Da na je gaishe ta makon jiya na tarar ta rame, tana wa yaran gidan tsifar kai. Ta tambaye ni wa yake rage maka gishiri a miya bayan tafiyarta. Ta tambaye ni ko ka ambace ta a ƙarshe. Na sunkuyar da kai. Ta ce kar in damu, ta sani.

Gobe sadakar arba'in ɗinka. Baba ya ce bayan an watse za a kwashe sauran kayanta, gadon da kaskon turaren, a kai mata Bulabulin.

Ban san me malamai za su ce ba. Ko matarka ce ranar da ka rasu? Ko takaba ta hau kanta tun kwana talatin da tara ba ta sani ba? Ban san me Baba zai yi mini ba. Ban san ko Hajja za ta ƙara kallona ba, ko ma takardar za ta ƙara mata ciwo ne. Ba abin da zan iya dawo da shi, Kaka. Ko kwana ɗaya daga cikin taran nan.

Jiya na ɗauko ta na sake karantawa. Sai yanzu na ji abin da ka ce. Duk littattafan da ke akwatina babu wanda ya faɗi abin da ka faɗa da zancen takalmin nan, ni ce ban iya karatu ba.

Bakina ba zai iya ba ta wannan labarin ba, shi ya sa na rubuto maka. Gobe da safe, kafin a taru, zan hau Keke zuwa Bulabulin. Zan miƙa mata takardarka, in haɗa da wannan. Za ta ce in karanta mata, na sani. Zan fara da taka, yadda ka faɗa, ba zan ƙara ko harafi ɗaya ba.

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinka.

Jikarka kuma magatakardarka,
Yagana