Sun Naɗe Shingen Aswakinka, Malam Idrisa

Zuwa ga aminina, marigayi Malam Idrisa mai gadi.

Bayan sallama da fatan rahamar Ubangiji ta lulluɓe ka, ina sanar da kai abin da na so a ce ban gani ba. An cire itacen aswaki na kwarin kudancin Jidda daga jerin tsirran da doka ta hana taɓawa. Wai ya farfaɗo. Shingen wayar da ka tsare har gemunka ya yi fari, an naɗe shi kamar tabarma.

Ka tuna ranar da ofishin gandun daji ya fara tura ni wurinka, da kwat da littafi? Kututture kawai muka tarar cikin rairayi. Ka ce mini, "Malam, aswaki a saiwa yake, mai kallon ganye bai ga komai ba." Kai ka koya mini ƙa'idar mahaƙan da: saiwa ɗaya daga gefe ɗaya, a mayar da ƙasa, a bar itace ya huta sai baɗi.

To, 'yan kwamitin da suka cire shi, masu digiri da turare, ganye suka kalla. Daga cikin mota, gilashi a rufe, ko takalminsu bai san ƙasar wurin ba. Na rubuta musu takarda shafi huɗu, babu kuskuren waƙafi ko ɗaya, na kai da ƙafata. Shugabansu bai ko buɗe ba, ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Hajji, je ka huta." Wannan shi ne iyakar bincikensu.

Ran Alhamis na je kwarin. Masu neman aswakin sayarwa a ƙofar masallaci sun riga ni. Kowane itace an zagaye shi da diga, ramuka a buɗe. Ga babban takaicin, Idi: har yanzu kore shar suke, domin aswaki ba ya nuna mutuwarsa da wuri. Idan kwamiti ya sake wucewa a motarsa, kansa zai yaba.

Na durƙusa da gwiwoyin nan da ka sani, na rufe ramin babban itacen da kake salla a inuwarsa. Shi kaɗai na iya. Na tsinko 'ya'yansa, na shuka a gwangwanin madara a saman bene, da butarka nake ba su ruwa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sa su tsiro kafin in iske ka, ko na sami abin gaya maka.

Amininka,
Alhaji Sule, tsohon malamin gandun daji, unguwar Sa'alaba, Jidda.