Kabari Bayan Katanga

Tamil Nadu, watan Satumba

Zuwa ga Yaya Laraba,

Gaisuwa mai tarin yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da Baba Ishaku da jikokinki. Yaya ƙafar taki, ta saki? Mu dai lafiya lau. Keziya na fama da karatun shekarar ƙarshe, babanta kuwa na nan yana koyar da tauhidinsa a jami'ar ikilisiya, ɗalibai na tafa masa.

Yaya, zuciyata ba daɗi. Kin tuna Pakiyam, maƙwabciyata da ta koya mini girkinsu tun lokacin da yajinsu ke sa ni hawaye? Matar Dakta Arul, abokin aikin Baban Keziya. Ciwon dajin nan na mama ya cinye ta, likitoci sun sallamo ta gida. Jiya ina shafa mata man kwakwa a ƙafa ta kama hannuna ta ce, "Akka, ba mutuwar nake tsoro ba, ruwan nake tsoro." Akka take ce mini, wato yaya, ko da yake ta girme ni.

Na san abin da take nufi. Makabartar majami'armu katanga ce ta raba ta biyu. Gaba ta manyan gida ce, ga furanni ga inuwa. Baya kuwa, bakin kwatar da ke kwashe ƙazantar gari, ta waɗanda kakanninsu ke kwasar mushe da kaɗa ganga a gidan mutuwa ce, kuma Pakiyam jininsu ce. Damina ta taɓa buɗe kabarin mahaifiyarta, da idonta ta ga aladu na tonon wurin. Ita Pakiyam tun ƙuruciya take rera waƙa a majami'ar nan. Ƙoƙo ɗaya muke sha a Jibin Ubangiji, sai dai ita da mutanenta ba sa tashi sai kowa ya gama.

Mijinta ya roƙi dattawan ikilisiya su ba ta wuri a gaba, tunda can ake binne iyalan malaman jami'a. Dattawa sun rabu gida biyu cif, saura hannun mutum ɗaya, shi ne mijina. Sun sa shi a cikinsu ne don baƙo ne, ba shi da ɓangare. Ni kam na riga na yi wa Pakiyam alkawari. Mutumin da ya baro Malumfashi ya ƙetare teku don ya koyar cewa dukanmu ɗaya ne a gaban Allah, ai ɗaga hannu ba zai gagare shi ba.

Ku sa ta a addu'a a zumuntar mata.

Taki ƙanwa,
Bilhatu

Watan Oktoba

Yaya Laraba,

Bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Na ji an yi wa Baba Ishaku aikin ido, Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, kunya ta ishe ni. Ana gobe zaman dattawa, shugabansu Ayya Rajamani ya gayyace mu cin abinci. Shi ne kuma yake sa hannu a takardar aikin mijina, wadda in babu ita sai mu tattara komatsanmu. Aka shimfiɗa ganyen ayaba, aka zuba mana biriyani, dafa-dukar shinkafarsu. Matarsa na ƙara mini nama tana murmushi, wai, "Mu fa ba ma ƙin kowa, kawai dai mutum ya fi jin daɗin kwanciya kusa da danginsa." Na janye hannuna daga shinkafar. Na dubi Baban Keziya, sai na ga yana gyaɗa kai yana suɗe yatsa.

Washegari bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya naɗe hannu a ƙirji har aka gama ƙirga. Ƙa'idarsu kuwa in an yi kunnen doki, tsohuwar al'ada ce ke tsayawa.

Da ya dawo ya zaunar da ni kamar ɗalibarsa. Wai baƙo raɓa ne. Wai in aka kore mu wa zai koyar da yaran nan, ga Keziya saura ƙiris ta gama, canji kuma a hankali yake zuwa. Na ce masa raɓar da ta shekara goma sha biyu a gari ai ta zama ruwan rijiya. Na san ba ya barcin kirki, ina jin juyinsa. Amma tir, gari na wayewa ya goga takalmi ya tafi aji.

Ni aka bar wa faɗa wa Pakiyam. Sai ta yi dariya ta ce, "To Akka, ki sa mini lema a cikin akwatin." Na fita bayan gida na yi kuka har na ƙoshi.

Kada ki gaya wa Fastonmu na gida, ai hoton mijina na nan a ofishinsa ana nuna wa matasa.

Taki,
Bilhatu

Watan Disamba

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ke da gida duka. Ina fata an gama kaka lafiya.

Pakiyam ta rasu a tsakiyar damina, don nan yanzu ne ruwanmu. Ni da 'yan'uwanta muka yi mata wanka, na ɗaura mata koren sari, zanensu na nan, wanda take sawa in za ta rera waƙa. Keken gawa na majami'a wai ƙafarsa ta lalace a ranar, sai a kafaɗa aka ɗauke ta, aka shiga da ita ta ƙofar gefe, aka fito ta ƙofar gefe.

Yaya, ramin ya cika da ruwa kafin mu iso. Ɗalibai na kwarfa da bokiti yana dawowa. Da aka saka akwatin sai ya taso yana yawo. Dakta Arul da kansa ya ɗebo duwatsu ya ɗora wa matarsa har ta nutse. Warin kwata kuwa ba a magana.

Mijina ne ya yi wa'azi. Wani ya ajiye masa katako don kada laka ta ɓata takalminsa, ya kuwa hau. Ya yi magana mai daɗi a kan birnin sama inda ba hawaye, muryarsa na rawa, katangar na bayansa. Ban taɓa jin ƙyamar murya irin ta ran nan ba, muryar da na aura saboda ita.

Makon jiya ya shigo da fara'a rabi da rabi. An sabunta mana aiki shekara biyar. Ayya Rajamani ya kuma ƙara mana da karamci: kabari biyu a gaba, gindin bishiyar mangwaro, nawa da nasa. Na ce ya riƙe duka biyun, ya kwanta a ɗaya, ya jera littattafansa a ɗayan.

Na je wurin dattawa da ƙafata na ce in ta Allah ta kasance su sa ni kusa da Pakiyam. Suka yi ta dariyar ladabi, wai ba a yi wa baƙo wannan wulaƙanci. Ashe sun san wulaƙanci ne.

Don haka ki roƙa mini Baba Ishaku ya bar mini wuri kusa da kabarin Inna. Keziya na gama jarrabawa za ki gan mu, ni da ita. Shi kuwa ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ina dafa masa abinci, ina wanke masa kaya, iyakar abin da zan iya ke nan yanzu.

Zan tsaya nan, hadari ya haɗo. Na tona 'yar hanyar ruwa kewaye da kabarin Pakiyam, kullum aka yi ruwa sai ta toshe, dole in je da fartanya da bokiti kafin ya taru.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Bilhatu