Jajayen Tsummoki a Gonata

Garin Agiye, daren Laraba

Yau na tafka ta. Na iske jajayen tsummoki ɗaure ga sabara da kalgo cikin gonata. Zamanin jam'iyyu ne, kowa na zargin kowa, sai na ce sammu aka yi mini. Na yi bisimilla, na sassabe itatuwan, na cinna wuta.

Ashe aikin lise ne, wato sakandare, na ɗana Sani; shi ya ɗaura tsummokin don shaida. Tun bara yake renon itatuwan, yana auna tsayinsu. Gobe malaminsu, da suke kira mushe, zai zo dubawa, kuma da aikin ake wuce aji.

"Baba, ina itatuwana?"

"Na karya asiri," na ce.

Bai yi dariya ba, bai taɓa tuwo ba.

Ni zan tari mushe bakin gona. In makin sifili zai bayar, ya ba ni. Tun ina ɗan makaranta a lakol muka saba, ni da sifili.