Tsirkiyar da Na Ƙi Sauyawa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Ya jikin Hadiza? Mutanen Wurno duk lafiya, in ban da ni.

Ka ce in riƙa sauya tsirkiyoyin jitar bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, da ka bar min duk wata shida. Shekara ukku ban sauya ba, tafasa su nike a tukunya in mayar. Ran Juma'a, wurin biki a Gandi, ina cikin kiɗa, wata tsirkiya mai tsatsa ta tsinke, ta yanke min yatsa. Yanzu hannun ya kumbura, kuma tun jiya bakina ba ya buɗuwa sosai. Gobe za a kai ni asibiti.

Yaya, tsoro nike ji. Mi zan yi in sunka ce sai an yanke hannun? Ku sa ni a addu'a, ka gaida yara.

Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu na yi shi.

Ƙanenka,
Bello